Yadda Na Raba Malam Haruna da Makullin Mota

Jiya ina bayan labule ina wanke hannu na ji ɗayanku, ku masu koyon aiki, yana ce wa ɗan'uwanshi wai aikin ɗakin awon ƙwaƙwalwa ba aiki ba ne, liƙa waya ne a kai, a danna maɓalli, a zauna a sha iska. Ba zan faɗi sunanshi ba, ga shi can yana kallon silin kamar yau aka kafa shi. Na gode, Allah ya yi maka albarka. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina shan wannan iskar, har bayana ya fara sunkuyawa don daɗi. Tunda ba mu da mara lafiya sai bayan azahar, ku jawo kujeru, ku maida wayoyinku aljihu, ba inda za su je.

Kan farko da na taɓa aunawa na wani ɗan sanda ne mai sanƙo, a babban asibitin da na koyi aiki a Zariya. Wanda ya koya mani wani dattijo ne, Baba Isiyaku, Allah ya jiƙan shi. Na ga kai fes ba gashi, na ce yau na huta. Baba ya miƙo mani tef irin na tela da jan fensir, ya koma gefe ya harɗe hannu. Daga gindin hanci ake farawa, tsakanin gira biyu, a ja tef ta tsakiyar kai har ƙashin nan da ya ɗan turo a ƙeya. Sannan daga gaban wannan kunne zuwa gaban wancan. A raba, a ɗiga alama, a sake rabawa, har a fitar da gurbi ashirin da ɗaya, kowane da wayar da za ta zauna a kanshi. Na gama, na liƙa, ina jin kaina. Baba ya zo ya ɗora tef a hagu, ya ɗora a dama, ya ce, "Rabi, wannan bawan Allah haka aka halicce shi a karkace, ko ke ce kika ga dama?" Ya sa na cire duka, na goge, na sake. Sau uku. Ɗan sandan da ya shigo yana muzurai ya fita yana roƙon a ba shi ruwa ya wanke jan fensir kafin yaranshi su gan shi.

Injin wancan zamani ba irin wannan 'yar kwamfutar da kuke shafawa da yatsa ba ne. Ya kai firji girma, takarda yake ci mai ninki, alƙaluma a jere suna karce ta da tawada. In ciwo ya taso wa mutum yana kwance, da kunne ma za ka sani, don alƙaluman sai su haukace, tawada ta fantsamo maka a riga. Ni ce mai cika masu tawada da sirinji kowace safiya, ni ce mai fasa waɗanda suka toshe da siririyar waya. Wata shida hannuna bai koma kalarshi ba. Kuma duk tsawon awon Baba yana tsaye a kaina yana maimaita abu guda: ido ɗaya a takarda, ɗaya a kan mutum. Ya haɗiyi miyau, rubuta. Ya ƙifta ido, rubuta. Ya sosa hanci, rubuta a daidai wurin da ya sosa. Likitan da zai karanta ba ya ɗakin, abin da kika rubuta shi ne kaɗai abin da ya gani.

Dalilin kuwa shi ne na'urar nan ba ta da kunya, kuma ba ta da zaɓi. Ƙwaƙwalwa tana da ɗan lantarki nata, ƙanƙani ƙwarai, shi muke son mu ɗauka. To amma na'ura duk abin da ta ji ɗauka take. Tana ɗaukar fanka. Tana ɗaukar janareta. Tana ɗaukar cajar da wani cikinku ya soka a bangon nan shekaranjiya ya ɗauka ban gani ba. Tana ɗaukar gumi, da cije haƙori, da bugun jijiyar da ke ƙarƙashin waya. Duk waɗannan suna fitowa a allo da siffar ciwo, wasu ma sun fi ciwon gaske kama da ciwo. Aikinmu shi ne mu san wanne ne na kai, wanne ne na ɗaki.

Da na dawo gida Dutsin-Ma na kama aiki a wannan ɗan asibiti, matar farko da na yi wa awo daga Ɗantutture ta zo, ɗiyarta ta rako ta. Kwana uku kafin nan na gaya masu ta wanke kai tas, ta zo da shi haka nan. Ta wanke kuwa, ba ta saɓa mani ba. Sai dai bayan ta wanke ta shafe shi da man shanu, ta je aka yi mata sabon kitso ƙanana-ƙanana, an ja shi har girarta ta ɗaga. Na ce, "Inna, ba na ce a bar shi a tsefe ba?" Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗiyata, in zo gari gaban likita da kai a tsefe? Wa ya mutu?" Waya kuwa ba ta kama fatar da ke da mai, zamewa take. Haka muka zauna ni da ɗiyarta muka tsefe kitson nan kaf, muka wanke da sabulu a bokiti, muka jira ya bushe, ita kuwa tana ta lissafa mani sunayen waɗanda za su ji labarin abin da na yi mata. Daga ranar na ajiye tsinken tsifa da mataji a durowar nan, kusa da auduga da man liƙi. Kuma duk wadda na tsefe wa kai sai na kama mata kalaba biyu kafin ta fita. Wannan ba ya cikin littafinku, ku nema ku gani.

Maza kuma tsoronsu ɗaya. Ƙato zai shigo, wanda in ya yi tsawa a gida kaji suna watsewa, ya ga wayoyi sun zubo daga akwati, sai murya ta yi ƙasa: "Malama, ba dai za ta ja ni ba?" Sai in ce ba ta ba da wuta, karɓa kawai take. Ya ce to. In juya in ɗauko tef, ya sake tambaya. Wani in ya cire hula sai ka tarar da laya a ɗinke a ciki, ya ce ba a raba shi da ita. Ba na musu. Sai in ce ya riƙe hular a hannu ya ɗora a ƙirji, ai tana tare da shi. Wanda ka yi wa musu kan layarshi zai kwanta yana cije haƙora minti talatin, ka tashi da shafi cike da datti.

Yanzu bari in zo kan shekarar da ba na son tunawa, don saboda ita na tara ku.

Likitan ƙwaƙwalwa da ke karanta mana awo daga Katsina yake zuwa, duk sati biyu. Ya ga mara lafiya da idonshi, ya tambaye shi, ya ƙwanƙwasa mashi gwiwa, sannan ya zauna ya buɗe abin da na ɗauka. A shekarar nan hanya ta lalace, kuma ba ramuka nake nufi ba, kun san abin da nake faɗa. Likita ya daina zuwa. Batiran sola suka mutu a lokaci guda kamar sun haɗa baki, muka koma janareta, sai da na sa aka ja shi can bayan katanga don kar ya cika mani allo da tsaki. Aka koma in ɗauki awo, in rubuta labarin ciwon yadda aka ba ni, in tura ta intanet, Likita ya karanta a can ya turo amsa. Marasa lafiya sun yi yawa, ni kaɗai ce, wata rana in yi shida ban zauna na ci abinci ba.

Cikin zafin bazara Alhaji Mamman, wani mai fataucin hatsi a Kurfi, ya kawo direbanshi. Sunanshi Malam Haruna, mutumin Birchi, ya ba hamsin baya, siriri, mai furfura a gemu, ba ya magana sai an tambaye shi. Tun Alhaji yana da tsohuwar akori-kura guda shi ke ja mashi, har ya sayi babbar motar da yake ɗaukar buhuna tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma da sauran kasuwanni. Abin da ya faru shi ne ranar kasuwa, an gama sauke gero da tsakar rana, Malam Haruna ya miƙe daga inda ya tsuguna, sai ya yanke jiki ya faɗi a gefen taya. Waɗanda ke wurin suka ce ƙafafunshi sun yi shure-shure. Aka yayyafa mashi ruwa ya farfaɗo.

Alhaji bai yi kwana-kwana ba. Ya ce, "Hajiya, ni ba ni da mutum kamar Haruna. Amma motar nan buhu take ɗauka, mutane kuma suna hawa saman buhun. In farfaɗiya ce, wallahi ba zan bar shi ya hau titi ba. In ba ita ba ce, gobe ya tashi motarshi. Ki duba mana."

Ban taɓa samun mara lafiya mai daɗin aiki irin Malam Haruna ba. Ya yi aski ƙwal, ba mai, ba gumi. Bai tambaye ni ko za ta ja shi ba. Na ce ya kwanta, ya kwanta. Na ce ya rufe ido, ya saki jiki, kar ya motsa, kar ya yi magana. Ya zama kamar an ajiye tabarya. Na zauna gaban allo ina cewa a raina da ma duka haka suke.

Ba a yi minti biyu ba sai ga wasu manyan layuka sun taso a wayoyin gaban kai, masu tafiya a hankali, suna hawa suna sauka a jere, tsaf-tsaf. Su yi ɗan lokaci, su tsaya, su dawo. Na ɗaga ido na dube shi. Leɓe a rufe, ido a rufe, hannu a miƙe, ko yatsa bai ɗaga ba. Na tashi na danna wayoyin goshi ɗaya bayan ɗaya, duk sun kama. Na kashe fanka. Suna nan. Na sa shi ya yi numfashi da ƙarfi minti uku kamar yadda ake yi, suka ɓace, ya gama suka dawo. Wannan kaɗai ya isa ya sa in tsaya in yi tunani, amma akwai mutum uku a benci suna jira. Na rubuta a gefen layukan: yana kwance shiru, ido rufe, bai motsa ba. Na tura.

Amsa ta zo washegari. Likita ya ce awon ba daidai yake ba, kuma in aka haɗa da faɗuwa da shure-shure, a fara mashi maganin farfaɗiya, ya bar tuƙi, a kai shi a ɗauki hoton kai. An kai shi daga baya, hoton bai nuna komai ba, amma wannan bai wanke shi ba, don masu farfaɗiya da yawa hotonsu fes yake fita.

A nan ɗakin na karanta masu takardar, Alhaji yana kan kujerar nan da kake zaune. Malam Haruna ya saurara har na gama. Ya ce, "Malama, kin duba da kyau?"

Na ce, "Malam Haruna, na'ura ba ta ƙarya."

Haka na faɗa, da bakin nan nawa. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makulli, yana ɗaure da igiyar fata da ta yi baƙi don riƙo, ya miƙa wa Alhaji da hannu biyu. Alhaji ya karɓa yana kallon ƙasa. Suka fita, na kira na gaba.

Wata bakwai bayan haka aka kawo mani wata tsohuwa daga Wurma mai fama da mantuwa. Ba ta da haƙori ko ɗaya, in ta kwanta rigingine bakinta sai ya saki ya buɗe. Na liƙa mata wayoyi, na naɗe kan da farin bandeji don kar su zame, na ce ta rufe ido ta yi shiru. Na zauna. Sai ga layukan nan, su ɗin dai, manya, a gaban kai, suna hawa suna sauka. Na ɗaga ido, kuma da yake bakin a buɗe yake, na hango harshenta yana tashi ya taɓa dasashi ya sauka, ya tashi ya sauka. Duk tashi ɗaya, layi ɗaya a allo.

Na ce, "Iya, mi kike yi?"

Ta ce, "Hailala nake, ɗiyata. Kin kwantar da ni, kin rufe mani ido, kin naɗe mani kai da farin ƙyalle. In ban kira Allah yanzu ba sai yaushe?"

Na ce ta ɗan dakata. Allo ya kwanta lumui. Na ce ta ci gaba. Suka dawo.

Ku saurara da kyau a nan. Harshe ma yana da nashi ɗan lantarkin, in ya motsa na'ura tana ɗauka, kuma a wayoyin gaban kai yake fitowa. Baba Isiyaku ya koya mani wannan, ya sha sa mutum ya motsa harshe don in ga siffarshi. Amma ni a kaina mai motsa harshe shi ne mai magana, mai magana kuwa za a ga bakinshi. Ku rufe bakinku yanzu ku yi La'ilaha illallahu a ɓoye. Ku yi mana, ba cizo take ba. Kun gani? Leɓe ba ya motsi ko kaɗan, duk aikin harshe ne. Mutanenmu kuwa, ka kwantar da dattijo ka ce ya rufe ido ya yi shiru, mi kake zaton zai yi? Ni da aka haifa a garin nan, ni da uwata ke yin haka in tana tsinar shinkafa, ni ce ban kawo shi a raina ba.

Na sallami tsohuwa, na buɗe awon Malam Haruna na jera shi da nata. Layukan iri ɗaya ne sak. Kunya ta kama ni, da tsoro, har na rasa wanne ya fi. Na kira Likita na gaya mashi ba tare da na gyara komai ba. Ya ce, "Hajiya, ni ma na ba da magani ga mutumin da ban taɓa gani ba. Ki nemo shi."

Ranar kasuwa na shiga motar haya zuwa Kurfi. Alhaji bai kore shi ba, ya ba shi ɗinkin bakin buhu a bayan rumfa. Can na same shi zaune a kan dutse da babbar allura a hannu, yana gyangyaɗi da rana tsaka, don maganin yana sa barci. An kawo abinci, 'yan dako sun kewaye tire ɗaya, nashi an zuba a wani kwano daban an ajiye mashi a gefe. Kofinshi ma an ɗaura mashi jan zare don kar a yi kuskure. Kun san yadda mutane suka ɗauki ciwon nan, wai miyau yana ɗauke da shi. Ƙarya ce, ko mai ciwon gaske ba ya shafa wa kowa, amma je ka faɗa wa kasuwa.

Muka gaisa. Na ce, "Malam Haruna, ranar da na yi maka awo, mi kake yi kana kwance?"

Ya ce, "Ba komai. Kin ce kar in yi komai."

"Ba ka yi zikiri ba?"

Ya ce, "Au. Wannan ai ba yi nake ba, Malama, shi ke yin kanshi. Tun ranar da na fara riƙe sitiyari mahaifina ya ce kar harshena ya zauna banza a kan titi."

Na gaya mashi abin da nake zato. Na ce ina son ya dawo a sake. Ya soke allurar a buhu, ya ce zai zo.

Awo na biyu ya fi na kowane yaro wahala. Na ce ya tsayar da harshe. Ya ce to. Minti ɗaya, layuka suka taso. Na ce, "Malam Haruna." Ya ce, "Wallahi ban sani ba." Muka sake. Suka dawo. Abin da mutum ya yi shekara talatin yana yi ba ya tsayawa don wata Rabi ta ce ya tsaya. A ƙarshe na ce ya ɗan turo kan harshen tsakanin haƙora ya riƙe shi a hankali, ba cizo ba. Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "A zuci fa?" Na ce, "Zuciya taka ce, na'urata ba ta kai can." Ya riƙe. Minti talatin allo yana tafiya lafiya lau, irin ƙwaƙwalwar da ake nuna wa ɗalibai a ce ga mai lafiya. Daga nan na kafa wayata tana ɗaukar fuskarshi da allon tare, ina cewa yi, ya yi, layuka su taso, in ce tsaya, su kwanta. Sau biyar, kowanne na rubuta a gefe.

Ina goge mashi man liƙi da auduga na ce, "Malam Haruna, kuskurena ne. Ka yafe mani."

Na zaci zai ce ba komai, kamar yadda kowa ke cewa. Bai ce ba. Ya ce, "Jikata ce, 'yar shekara uku. In na dawo daga hanya a cinyata take cin tuwo. Wata bakwai ke nan uwarta tana janye ta." Ya sa hularshi ya fita.

Wannan karon Likita ya ce sai ya gan shi ido da ido, aka kai shi Katsina. Ya duba zuciya, ya duba jini, ya zauna ya tambaye shi labarin faɗuwar daga farko, abin da ni ban yi ba don na karɓi labarin daga bakin Alhaji. Ashe kwana biyu ya yi yana zawo kafin ranar, bai karya ba, ya yini cikin rana, ya miƙe da sauri. Suma ce, kuma mai suma ma ƙafarshi tana iya shurawa sau biyu uku. Aka fara janye mashi magani kaɗan-kaɗan, don maganin nan ba a yanke shi rana ɗaya, wannan ku rubuta shi. Makonni aka ɗauka. Duk zuwan da yake yi, gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ina kwana, lafiya lau, ya kwanta, ya tashi, ya tafi. Da maganin ya fita jikinshi na sake awo na uku, ya fita fes. Likita ya rubuto takarda cewa zai iya komawa tuƙi.

Ban ba kowa saƙon takardar ba, ni na kai ta Kurfi da kaina. Na tarar da Alhaji Mamman a gaban rumfa, an gama loda wa motar masara za ta Dutsin-Ma, mata biyu da wani tsoho sun riga sun hau saman buhuna. Ɗan ƙanen Alhaji ne ke jan ta tun da aka karɓi makulli, kuma a watannin nan ya sauya mata kamanni, fitila ɗaya a fashe, ƙofa a lotse.

Alhaji ya sa aka karanta mashi takardar. Ya ninke ta, ya ce, "Hajiya, ran nan takarda kika ba ni ta ce ba shi da lafiya. Yau kin kawo takarda ta ce lafiyarshi lau. Hannu ɗaya, inji ɗaya. Wacce zan ɗauka?"

Masu awon hatsi sun dakata da kwano a hannu, 'yan dako sun matso. Na ga in na yi maganar a hankali, a nan gaban Alhaji za ta tsaya, ba za ta kai bayan rumfa inda ake raba kwano ba. Sai na ɗaga murya yadda har na saman buhu za su ji. Na ce, "Ta farko ni na ɓata ta, Alhaji. Malam Haruna ba shi da farfaɗiya, ba a taɓa samun ta a kanshi ba. Ambaton Allah yake yi a ɓoye, na'ura ta ɗauki motsin harshenshi, ni kuma na rubuta cewa bai motsa ba."

Alhaji ya shafa gemu, ya ce, "A mi kika zo?"

Na ce, "Motar haya."

Ya ce, "To ga mota nan za ta garinku. In kin yarda da takardarki, ki shiga gaba."

Ni dai ban taɓa hawa babbar mota ba, matakinta ya kai mani ƙugu. Na tattare zane, na miƙa jakata, wata mai sayar da daddawa ta tura ni ta baya, na hau da ƙyar ana dariya. Ba zan ɓoye maku ba, tsoro nake ji. Na san abin da na gani a allo, amma allo daban, titi daban, kuma mutumin nan ya kusa wata tara bai taɓa sitiyari ba.

Alhaji ya karɓi makulli daga hannun ɗan ƙanenshi, ya kira Malam Haruna daga bayan rumfa, ya miƙa mashi. Malam Haruna bai shiga nan da nan ba. Sai da ya zagaya motar, ya dudduba tayoyi, ya tsaya a ƙofar da ta lotse ya shafa ta da tafin hannu. Sannan ya hau, ya ja kujera baya, ya gyara madubi, ya soka makulli. Ya tsaya haka bai murɗa ba, yana kallon gaba. Ni kuma na riƙe ƙarfen ƙofa da hannu biyu.

Ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Malama, in riƙe harshen ne, ko in sake shi?"

Na dube shi. Gefen bakinshi yana rawa, dariya yake dannewa.

Na ce, "Sake shi, Malam Haruna. Ka ɗaga murya ma, in taya ka."

Ya murɗa makulli.